Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Mu marubuta mun sha ƙarar da tawada a kan soyayya da kishi, amma da wuya ka ga ɗayanmu ya waiwayi leburan da ke tsaye gaban inji tun hantsi har la'asar, ya tambaya shin yaushe wannan bawan Allah yake kai loma bakinsa. Alhali kuwa Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mu duba Amurka, wadda ake ta yi mana kwatance da ita. Dokar ƙwadago ta tarayyarsu, ta 1938, ba ta tilasta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci lokacin cin abinci ba. An bar wa jihohi, kowace da irin kiɗanta. A Jihar Taksas babu wannan tilas, sai abin da maigida ya ga dama. A Kalifoniya kuwa, duk wanda aikinsa ya haura awa 5 dole a sallame shi na minti 30 ya ci abinci. Idan aka hana shi, to sai an ƙara masa ladan awa 1 a kan kuɗinsa na wannan rana. A ganinmu wannan diyya ita ce haƙorin dokar, domin mai kamfani ya fi jin maganar aljihunsa a kan wa'azi.

A nan Nijeriya sha'anin ƙwadago hurumin gwamnatin tarayya ne, ba na jihohi ba. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya tanadi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa 1 ba ga wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye a rana. Ashe a takarda mun fi Taksas nesa ba kusa ba! To amma lebura nawa ne a masana'antun Sharaɗa da Bompai suka taɓa jin labarin wannan sashe? Wanda ya ji ma, ina ya ga bakin magana, ga mutane cike da bakin ƙofa suna jiran gurbinsa?

Mu malaman makaranta ma ba mu tsira ba. In an kaɗa ƙararrawa yara sun fita tara, sai ka tarar da mu a ɗakin malamai, ƙosai a hannu ɗaya, jan biro a ɗaya, muna duba littattafan yara. A ƙa'idar tarayyar Amurka ɗin nan, wanda ya ci abinci yana kan aiki ba a lissafa shi a wanda ya huta, biyansa ake yi.