Na je Timiya, garin masu kawo mana gishiri

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Sassumbrum.

Tun ina yaro, kowace shekara bayan girbi, wani Buzu yakan sauka a gonar babana da raƙumansa. Ya ba mu kantun gishirin Bilma da dabino, mu ba shi hatsi. Raƙuma su ci kara, su bar mana taki. Kullum sai ya ce: "Yaro, yaushe za ka zo ka ga namu gidan?" Da tsufa ya kama shi, ya daina zuwa. A 2019, da sanyi, babana ya ce in je in gaishe shi.

Daga Damagaram muka bi Tanut har Agadas. Daga nan Timiya ta fi kilomita 200, cikin duwatsun Azbin. Hanya duk dutse da ƙorama. Na yi amai sau biyu, ba na ɓoye muku.

Da na gan shi na durƙusa na ce: "Baba, ga ni." Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki garake ne. Ni na zaci Buzu ba ya noma. Ashe ƙarya nake. Ruwan sama kaɗan suke samu, amma ga lemu, ga rumman, ga dabino, ga alkama da albasa da tafarnuwa. Na ga raƙumi na jan guga daga rijiya, ruwa na zuba cikin ƴar hanya, yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Yanzu da yawa sun sayi injin ban-ruwa. Wuri ƙarami ne, amma ko taki ɗaya ba a bari ba shuka. Na tuna fadamarmu, inda ruwa ke kusa, da rani kuwa samari sun tafi cin rani Najeriya. Kunya ta kama ni.

Jikansa ya hau da ni dutse, har wani tsohon gidan soja da Faransawa suka gina. Daga can ana ganin gari duka. Muka je inda ruwa ke zubowa daga dutse, na tsoma ƙafa, sanyi kamar ƙanƙara. Wata rana kuma ya kai ni Asode, tsohon birnin da ya zama kufai. Bangon masallacinsa na dutse yana nan. Yaron ya san labarin wurin, don ya saba raka baƙi. Ya tambaye ni labarin kafuwar Sassumbrum. Na yi shiru, ni da nake koya wa manya karatu.

Da dare tsoho ya ce mini ayari ya ragu, motoci sun karɓe ɗaukar gishiri. Ƴaƴansa sun sayar da yawancin raƙuman. Ya tambaye ni ko gonar nan ta bakin hanya tana yin hatsi kamar da. Na ce a'a, Baba, ta gaji tun da kuka daina sauka.

Ya ba ni buhun lemu in kai wa amininsa. Da na komo gida, na sayi sabon littafi, na zauna gaban babana da alƙalami. Mun soma daga sunan kakansa, yanzu mun cika shafi 11.