Masu shan datar gidana

Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, magidanta suka fara lissafin data kamar yadda uwargida ke lissafin mudun shinkafa. Ni da na ga tawa tana ƙarewa tun wata bai raba ba, sai na leƙa cikin rautar wayfai ɗin gidana.

Leƙawar ba wuya. Ka buɗe burauza ka rubuta lambar da ke manne a bayan na'urar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ƙananan MiFi na Huawei kuwa 192.168.8.1. A can za ka tarar da jerin duk wayar da ke haɗe. Na kashe namu na gida kaf, amma ga baƙin wayoyi nan zaune daram.

Da farko zargina ya tafi kan masu kutse. Ashe abin bai kai can ba. Tun daga Android 10, duk wanda ya taɓa shiga wayfai ɗinka yana iya fito da lambar QR, abokinsa ya haska da kyamara ya shige. Ɗan autana ya ba abokinsa, abokin ya ba yayansa, har alherin ya isa dakalin samarin layinmu. Da na tsare shi sai ya ce, "Abba, mutum ɗaya fa na ba wa." Kuma bai yi ƙarya ba.

Toshe wayoyin ta lambar MAC wahala ce kawai, domin wayoyin yanzu na iya sauya lambar su dawo. Na sa doguwar kalmar sirri, na canza ta shiga rautar kanta, wadda mutane da yawa ke bari a "admin" yadda ta zo daga kanti, na zaɓi tsarin tsaro na WPA2 tunda rautata ba ta da WPA3, sannan na kashe WPS, hanyar shiga wayfai da lamba. Tun 2011 aka gano cewa lambarsa mai alƙaluma 8 ba ta wuce gwaji kusan 11,000 a fasa ta.

Kunya ce ta fi ba ni wuya. Maƙwabci ya yi sallama ya ce, "Malam, a ɗan sa mini in tura saƙo," da wane ido za ka hana shi? Sai na buɗe layin baƙi daban, mai kalmar sirrinsa, ina canza ta duk ranar da na sayi data. Yaran gidan ma can na mayar da su.