Jirgin da ya juya wa teku baya

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya samu sukuni.

Tun farkon 2024 bidiyon wani jirgin ruwa yake yawo a wayoyinmu, daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. Ƙila kun gan shi: wani ƙaton abu mai launi-launi bisa ruwa, bututai ja da kore da shuɗi sun nannaɗe a samansa, mutane na faɗawa ciki suna ihu. Sunansa Icon of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean. A Turku ta ƙasar Finlan aka ƙera shi, ya fara jigila daga Miyami a Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, benensa hawa 20, in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata 2,350. Mutum kusan 10,000 ke nan. Garuruwa nawa ne a Adar da ba su kai haka ba? A cikinsa akwai wuraren ninƙaya 7, manyan bututan zamiyar ruwa 6, filin ƙanƙara, da lambu mai itatuwa na gaske a tsakiyar jirgi.

Na san wani zai ce mu ina ruwanmu. Daga Tawa sai mota ta ci fiye da kilomita 1,000 kafin mutum ya ga teku, kuma kuɗin kwana bakwai a jirgin nan sun isa jarin ɗan tireda. Haka ne. Amma gardamar da masu hawa jiragen suke yi a tsakaninsu gardama ce kan tafiya, kuma in ana zancen tafiya Ba'adare ba ɗan kallo ba ne.

Asali jirgin ruwa abin hawa ne, ba wani abu ba. A da, wanda zai je Ingila daga Ikko ba shi da wata hanya. Ta ruwa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi a 1921, ya je Ingila ya zarce Makka. Ta ruwa Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya yi ta kai da kawowa tsakanin Ingila da Ikko daga 1951 har 1974, tafiyar kusan mako biyu, yana yada zango a Las Palmas da Firitawun da gaɓar Gana. A kwanakin nan ba abin yi sai hira da karatu da cin abinci a kan lokaci da tsayawa a bakin ƙarfe ana kallon ruwa. Mutum yana ji a jikinsa iska tana sauyawa, zafi na raguwa, sanyi na shigowa, har ya isa ya san lallai ya yi nisa da gida.

Jirgin sama ne ya kashe kasuwar. Daga 1958 masu tsallaka tekun Atlantika ta sama suka fi masu bi ta ruwa yawa, kamfanoni suka wayi gari da manyan jirage ba fasinja. Dole a nemo wa mutane wani dalilin hawa. Aka koma yawon shaƙatawa: a tashi daga tasha, a zaga tsibirai, a dawo inda aka tashi. Daga nan gasa ta kankama. A 1999 aka sa wa Voyager of the Seas filin ƙanƙara da bangon da ake hawa da igiya. A 2017 Norwegian Joy ya zo da filin tseren ƙananan motoci a saman bene. A 2021 kamfanin Carnival ya kafa wa jirginsa Mardi Gras layin dogo na wasa, irin mai hawa da gangara da juyi, sama da ruwa, mutane na gudu a kai suna salati ko abin da ya zo bakinsu.

Masu son tsohon salo ba su ƙare ba, kuma suna da jiragensu. Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki a 2004, har yanzu yana tsallakawa daga Southampton zuwa New York cikin kwana bakwai, ba tsayawa, da ɗakin karatu mai dubban littattafai da shayin la'asar. Kamfanin Viking ma a tallarsa yake bugun ƙirji da abin da babu: ba gidan caca, ba yaro ƙasa da shekara 18, fasinja ba su kai 1,000 ba. Waɗannan suna cewa an mayar da jirgi kasuwar ihu. Masu son sabon salo kuma suna cewa ku dai tsufa ne ya kama ku.

Ni abin da ya tsaya mini a rai ba ihun ba ne. Wani ɗan abu ne da aka fito da shi a 2014. A manyan jiragen nan akwai ɗakunan ciki, marasa taga, su ne masu sauƙin kuɗi. Sai Royal Caribbean ya manna wa wasunsu allon talabijin dogo daga ƙasa zuwa sama, aka haɗa shi da kyamarar da ke waje, yana nuna teku kai tsaye, har da labule a gefe da zanen ƙarfen baranda don ido ya yarda. Ka biya kuɗi, ka tsallaka ƙasashe, ka hau jirgi, teku na bayan bango taku kaɗan daga gadonka, kai kuma kana kallonta a talabijin. Wasu ɗakunan kuma suna da baranda ta gaske, amma tana fuskantar cikin jirgi, wajen shaguna da lambu. Wanda ya zana wannan ya san abin da yake yi.

Lissafin kuɗi ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da manyan kamfanonin ke samu ba daga tikiti yake fitowa ba, daga abin da fasinja ya kashe ne bayan ya shiga: abin sha, caca, intanet, hoto, gidan abinci na musamman, yawon da kamfani ya shirya. Ba a cika taɓa tsabar kuɗi a ciki ba. Katin buɗe ɗakinka shi ne aljihunka, ka miƙa a goga, sai ranar sauka ka ga jimilla. Mai tsaye yana kallon ruwa ba ya goga kati. Wanda ya sauka gari ya ci abinci wajen mutanen gari, kuɗinsa sun fita daga gida. Shi ya sa aka ƙara gaba: Royal Caribbean yana da tsibirinsa a Bahamas, CocoCay, wanda ya sake wa fasali a 2019 da nasa bututan zamiyar. Jirgi ya tsaya, fasinja ya sauka yana jin ya taka wata ƙasa, alhali daga shagon kamfani ya fito ya shiga shagon kamfani. Garuruwan da jiragen ke tsayawa na gaske kuwa, dubban mutane ne ke kwararo musu da hantsi, su cika lungu, su ɗauki hoto, su koma jirgi cin abincin da suka riga suka biya. Italiya ta gaji, a Agustan 2021 ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venis.

To a nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Dattawan Tamaske da Barmu da Kalfu da suka yi biɗa a Kurmi tun zamanin da ake hawa bisa kayan kamiyo, in suna ba da labari ba su farawa da Abijan. Da hanya suke farawa. Wane gari aka kwana, wane ne mai masauki, ina aka sha fura mai kyau, ina aka cuce su a canji, a wace tasha suka fara tsintar wani yare. Yau shiga babbar motar safa daga Tawa zuwa Yamai. Ana tashi tun duhun asuba, labule a ja, sanyin na'ura na busawa, fim na tafiya a gaba, kowa ya sunkuya bisa wayarsa. Badagishiri, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, duk sun wuce ta bayan labule. Akwai matasan da suka bi hanyar nan ba adadi amma ba su taɓa ɗaga kai sun dubi duwatsun Dogon Dutsi ba. In mota ta rage gudu a shinge, sai ka ga yarinya da faranti a ka, dafaffen ƙwai da gyaɗa da 'yan ƙullin gishiri da yaji, tana bin gefen mota da gudu tana ƙwanƙwasa gilashi da 'yar tsabar da ke hannunta. Gilashin ba irin mai buɗewa ba ne. Na ciki ya dube ta, ya ɗaga kafaɗa, mota ta ja. Inda za a tsaya salla da cin abinci kuwa, galibi tashar kamfani ce mai katanga da ƙofa. Abin da ake yi wa garuruwan bakin teku ke nan, namu dai ƙarami ne.

Kada wani ya ɗauka ina kiran a koma bisa kamiyo. Allah ya kiyaye. Tambayi wanda ya yi kwana da kwanaki bisa buhunan albasa, rana a ka, ƙura a baki, ko zai sake. Jinkirin tafiyarmu ba zaɓi ba ne, talauci ne da rashin hanya. Haka ma masu kewar tsohon salon jirgin ruwa sukan manta cewa nutsuwar da suke yabo ta masu hali ce. A jiragen gaɓar Afirka ta Yamma akwai masu ɗakin alfarma a sama, akwai kuma fasinjan fili da ke shimfiɗa tabarma a waje da kayansu, kuma mun san launin fatar mafi yawan na filin. Manyan jiragen yau, duk da hayaniyarsu, su suka sauko da farashi har malamin makaranta a Amurka ya iya kai iyalinsa. Sannan akwai yara. Sa yaro ɗan shekara takwas ya yi mako yana kallon ruwa ka ga yadda za ku ƙare. Mu da yaranmu ke cika titi ranar salla suna neman inda za su hau lilo su rasa, ba mu da bakin raina wurin wasa.

Abin ma ya matso kusa da mu fiye da yadda muke zato. A Disamban 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da jirginta na shaƙatawa, Aroya, daga Jidda, mai ɗaukar fasinja fiye da 3,000, ba giya ba caca, amma da nasa bututan zamiyar ruwa. Tekun da ke gaban Jidda ita ce Bahar Maliyar da kakanninmu suka tsallaka daga Sawakin cikin ƙananan jirage, bayan shekaru suna tafiyar ƙasa ta Chadi da Sudan, suna noma a hanya don neman guzuri. Ba zan yi mamaki ba in nan gaba kaɗan alhazanmu 'yan kasuwa suka fara haɗa umra da kwana uku a cikinsa. Wanda Allah ya hore wa ya je, ba laifi. Roƙona dai in jirgi ya tsaya ya sauka.

Akwai kuma waɗanda bidiyon ba ya nunawa. Mutum 2,350 ɗin nan da na ambata, yawancin irinsu daga Filifin da Indiya da Indonesiya suke fitowa. Kwantiragin watanni suke sa hannu, aiki kullum ba ranar hutu, kwana a benen ƙasa cikin ɗakunan da ba taga, ƙarshen wata a aika kuɗi gida a biya makarantar yara a ɗora bulo bisa gini. Duk ɗan Adar da ya taɓa tura baro a Ajame ta Abijan ko ya yi gadi a Kwatano ya san wannan rayuwar ba sai an fassara masa ba. In akwai danginmu a jirgin nan, to su ne, masu goge bututun zamiya da asuba kafin baƙi su tashi.

Salon da ya fi kama da namu yana nan yankinmu. A kogin Sanagal akwai wani tsohon jirgi, Bou el Mogdad, wanda aka ƙera a Holan a 1950 don dakon mutane da kaya da wasiƙu. Tun 2005 yake ɗaukar 'yan yawo tsakanin Saint-Louis da Podor, fasinja 'yan gommai, tafiyar kusan mako guda. Ba shi da abin da zai riƙe mutum a ciki, don haka kullum sai an sauka: kasuwa, gonar rake, ƙauye, tsohon gidan fatake. Mali ma tana da jiragen Kwara masu bi daga Kulikoro zuwa Gawo in ruwa ya cika, sai dai tun harin da aka kai wa jirgin Tombouctou a Satumban 2023, wanda ya ci rayuka da dama, ba mai yi wa wannan hanya kallon shaƙatawa.

Mu namu ruwan shi ne Tabalak, kilomita kusan 50 daga Tawa a kan hanyar Abalak. Tun 2005 tafkin yana cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Da sanyi tsuntsaye na zuwa daga nesa, masunta na tura kwalekwale da gora, mata na soya tarwaɗa da karfasa a bakin kwalta, lambuna sun zagaye gaɓa. Na sha jin matasa suna cewa da ma wani mai kuɗi ya zo ya kewaye wani gefe ya kafa wurin wasa irin na birni. In ya zo ina maraba, da sharaɗin kada katangarsa ta raba baƙo da mai kwalekwale da mai kifi, don su ne suka riƙe wurin tun ba wanda ya san da shi. Amma kafin a kai ga wannan gardamar akwai biyu a gabanta: tsaron hanya, da yashin da ƙoramu ke kwararowa cikin tafkin kowace damina yana cinye zurfinsa.