Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Malamai sukan ce azumi shi ne ibadar da ta fi kowace ɓuya. Mai salla ana ganin ruku'unsa da sujadarsa, mai zakka hannun da ya karɓa ya san shi, mai aikin hajji gari guda ke yi masa rakiya, amma mai azumi daga shi sai Ubangijinsa. Wannan magana haka take ga wanda ya tashi a gidan da kowa ke azumi. Ga wanda kuwa ya musulunta a ɓoye alhali yana zaune gaban iyayensa, babu ibadar da ta kai azumi tonon asiri, domin murhun uwa ba ya hutu, kuma uwa tana ƙirga lomar ɗanta ko da ta ba shi baya. Ni na ɗanɗana wannan a unguwar Chikaji ta Sabon Garin Zariya, cikin shekarar 1992.

Mu Hausawa ne Kirista, 'yan ɗarikar Angalika. Kakana almajiri ne a birnin Zariya lokacin da Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna can a 1905. Ya bi su, kuma da mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929 da shi aka tafi. Aikin reluwe ne ya kawo mahaifina Sabon Gari, garin da tun asali hanyar jirgin ƙasa ce ta haife shi. A Chikaji muka tashi tare da Musulmi, katanga ɗaya, rijiya ɗaya. Su aiko mana da naman layya, mu aika musu da shinkafar Kirsimeti.

To, mai karatu zai ce, in haka zaman yake, me ya kawo ɓoyo? Lokaci ne ya kawo shi. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙona majami'u da dama, mahaifina yana cikin dattawan da suka riƙa kwana gadin tamu. A Fabrairun 1992 kuma ga Zangon Kataf ta kama da wuta. A irin wannan yanayi ba a ɗaukar sauya addini a matsayin maganar mutum da Mahaliccinsa, sai a ce wane ya koma bayan waɗancan. Ni kuwa na riga na yi kalmar shahada a ƙarshen 1991, a hannun wani malami a Samaru, inda nake karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ina dawowa gida kwana. Ban ji tsoron duka ko kora ba. Fuskar mahaifina nake tsoro, da abin da za a faɗa masa ranar Lahadi.

Salla ta zo mini da sauƙi fiye da yadda na zata. Azahar da La'asar a Samaru nake yin su, cikin taron da babu mai tambayar wane ne ubanka. Masallatan Chikaji kuwa ko kallonsu ba na yi, don duk sahun da zan shiga akwai wanda ya san ni tun ina rarrafe. Magariba nakan tsaya da ita a hanya, wajen Kwangila. Lisha sai ƙanena ya yi barci. Asuba ce mai wuya, saboda ƙarar buta da kurkurar baki da tsakar dare ba su da wata fassara sai ɗaya. Dabarar da na yi ita ce wankan asuba, in haɗa da alwala a ciki, tunda wanka ba ya tona asirin kowa. Sannan in shimfiɗa tawul mai tsabta, in dubi gabas in ɗan karkata arewa, in yi karatu a hankali, kunnena ɗaya yana ga ƙofa.

Na taɓa kai kuka wurin malamin nan, na ce ina jin kamar ɓarawo a cikin ibadata. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ba kai ne farau ba." Ya tuna mini mutumin nan na gidan Fir'auna da Suratu Gafir ta ambata, wanda ya ɓoye imaninsa, da shekara 3 da aka yi ana kira a asirce a Makka, ana taruwa a gidan Arƙam. Amma ya fi jan kunnena a kan aya ta 15 ta Suratu Luƙman, wadda ta yi umurni da kyautata zama da iyaye ko da an saɓa a addini. Ya ce duk ranar da na ɗaga wa mahaifiyata murya da sunan Musulunci, to ba a wurinsa na koya ba.

Da azumi ya matso sai Allah ya kawo wata sutura. Larabar Toka, wato farkon azumin kwana 40 na Kirista, ta faɗo ranar 4 ga Maris 1992, watan Ramalan kuma ya tsaya cikin makon nan. Na ce wa Mama bana zan yi azumi, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya ba da iko." Na ga farin ciki a idonta, irin na uwar da ta daɗe tana yi wa ɗanta addu'a. Wannan kallo ya fi mini ƙishirwar bazara nauyi, ga shi kuwa ana yin sama da awa 13 ba a sa ruwa a baki ba.

Niyya ba ta ba ni wahala ba, domin a mazhabar Malikiyya niyya ɗaya a daren farko ta wadatar wa watan duka muddin azumin bai yanke ba. Sahur kuwa mustahabbi ne. Nakan ajiye gutsuren burodi da ƙuli-ƙuli ƙarƙashin matashi, in samarin unguwa suka fara buga gwangwani suna tashin mutane, in ci a kwance cikin duhu, ƙulin sai na jiƙa shi da yawu don kada ya yi ƙara. Da yamma maƙwabciyarmu takan aiko da kunun tsamiya da ƙosai kamar yadda ta saba kowace shekara. Ba ta san cewa a wannan shekarar ladan ciyar da mai azumi take kwasa ba.

Sai dai labarin zuciya a tambayi fuska. A al'adar coci ba a azumi ran Lahadi, ni kuwa ina yi. Mama takan sha ruwa in ƙishi ya matsa mata, ni ba na sha. Kuma ba na taɓa kwano sai ladan ya ɗaga murya. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗi, balle ta zaunar da ni ta yi mini tambaya. Wajen goman tsakiya, lokacin da yara suka fara tashe, sai na lura ta sauya lokacin sauke tukunya. Ana kiran Magariba za ka ji ta ce wa ƙanena, "Kai wa yayanka, kada ya huce." Daga nan na daina tsayawa a Kwangila sai don salla kawai.

Abin da ya rage na rufi, ranar Ƙaramar Salla ce ta yaye shi. Ta zo a makon farko na Afrilu, alhali Ista sai 19 ga wata, wato saura mako 2 a azumin gidanmu. Azumi ran Idi haramun ne, dole in ci. Da hantsi na fito tsakar gida ina neman abin da zan ce, sai na tarar da kwano a rufe a bakin ƙofata, tuwon shinkafa ne da miyar taushe. Mama tana wanke-wanke, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Babanka ba shi da ƙarfin jin wannan yanzu. Ka bari gari ya lafa." Na ce, "To, Mama." A watan Mayu rikicin Zangon Kataf ya sake ɓarkewa har ya taɓa Kaduna da Zariya, na san abin da ta hango. Sai a 1994 na durƙusa gaban Baba na faɗa masa. Ya yi kusan shekara bai amsa gaisuwata ba. Ranar da ya amsa, cewa ya yi, mahaifinsa ma haka ya yi wa nasa uban a cikin birni.

Daga baya na karanta tarihin Musulmin Andalus bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, waɗanda aka tilasta wa shiga Kiristanci, har wani malami ya aika musu da fatawa daga Wahran a 1504 cewa su yi salla ko da da ishara ne. Su ma ƙin cin abinci da rana a Ramalan yana cikin abin da ake kama su da shi. Amma su daga maƙiyi suke ɓuya. Ɓuya daga masoyi wani ciwo ne daban, domin wanda kake ɓoye wa shi ne yake tambayarka ko ka ƙoshi.

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin sauya addini, amma tsarin mulki ba ya zama a tabarmar cin tuwo. A 2025, bayan shekara 33, azumin biyu sun sake haɗuwa a makon farko na Maris, kuma na tabbata a wani ɗaki a Chikaji ko Samaru akwai mai tauna burodi cikin duhu, kamar yadda akwai mai ɓoye Littafi Mai Tsarki ƙarƙashin katifa a wani gidan na Musulmi. Roƙona ga duk wanda irin wannan yaro ya faɗo hannunsa shi ne kada a yi gaggawar tsayar da shi gaban jama'a ana kabbara ko ana tafi. A fara tambayarsa wa ya baro a gida, a kuma koya masa yadda zai riƙe imaninsa ba tare da ya saki hannun uwarsa ba. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri.