Ɗan hakin da aka raina a hanyar Kelle

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wanda duk ke shakkar wannan magana, to ya je tashar Gure ranar da motocin arewa ke lodi, ya nemi wani direba mai furfura a gemu, wanda ke jan tsohuwar Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya tsakanin Gure da Kelle. In ya lura da kyau, zai ga wani ɗan guntun ƙarfe da bai kai tsawon babban yatsa ba, ɗaure da zare a jikin makullin motar. Baƙo kan ɗauka laya ce. Ba laya ba ce, bushon ne, wato ɗan murfin ƙarfe mai haƙora da ake toshe ramin juye baƙin mai da shi a ƙarƙashin inji. Yadda aka yi wannan ɗan ƙarfe ya samu wurin zama tare da makulli, labari ne da ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su saurara, domin dukansu biyu rayuwarsu na rataye da mota.

Kelle tana arewa da Gure, a ƙasar Kutus, inda duwatsu da rairayi suka raba hanya tsakaninsu. Da zarar mota ta bar kwaltar da ta taso daga Damagaram ta nufi Difa, sai ta dogara ga Allah da lafiyar injinta. Motar da ke bin wannan hanya ita ce komi na mutane: ita ke kai sukari da shayi da atamfa, ita ke komowa da gero da wake da awaki, ita ke ɗauko malamin makarantar da ya je karɓar albashi, kuma in dare ya yi wa mai ciwo tsawo, ƙofar direbanta ake bugawa. Motar ta wani Alhaji ce, ɗan kasuwa, amma direban ya shekara goma sha ɗaya yana riƙe da ita, har ya san kukanta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.

A watan Nuwamba na 2023 abin ya faru. Lokacin iyakar Nijeriya tana rufe sakamakon takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasar nan bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, kuma ba a buɗe ta ba sai watan Maris na 2024. Kayan gyaran mota da aka saba kawowa daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano suka yi wuya, abin da ya samu shigowa ta ɓarauniyar hanya kuma ya yi tsada. Ranar wata Laraba direban ya kai motar gareji a Gure domin a yi mata bidanji, wato a juye tsohon mai a zuba sabo. Ya tarar maigidan garejin ya tafi jana'iza, sai yaronsa mai koyon aiki. Juyen mai kuwa aiki ne da ake ganin ko yaro ya iya. Yaron ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya yi ta fama, domin kan tsohon bushon ya riga ya side saboda shekarun da aka yi ana kama shi da kile marar daidai. Da ƙyar ya fito, kuma kowa ya ga ba zai sake komawa ba.

Aka aiki yaron wurin mai tebur a bakin tasha. Mai tebur ya zazzage wani gwangwani cike da ƙarafa, ya ɗauki guda mai ƙyalli, ya kara shi da tsohon, ya ga kaurinsu ɗaya, ya ce dala ɗari. Yaro ya komo ya murɗa shi a rami. Ya shiga zagaye biyu lafiya lau, a na uku ya cije. Yaron ya ce: "Baba, ya yi tauri." Direban, da yake fasinja na jiransa kuma rana ta fara karkata, ya ce: "Sabo ne, yaro, sabon abu duk haka yake. Ƙara masa ƙarfi." Yaro ya zura bututun ƙarfe a ƙotar kile domin ya ƙara mata tsawo, ya danna da iya ƙarfinsa har kan bushon ya zauna. Aka zuba mai kusan lita 10, aka tada inji, aka duba ƙasa ba a ga ɗigo ba, kowa ya ce alhamdu lillahi.

A nan ya kamata mai karatu ya san abin da ido bai gani ba. Kowane bushon yana da awo biyu. Na farko kaurinsa, na biyu kuma tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. Na galibin motocin Toyota kaurinsa milimita 12 ne, tazarar haƙoransa milimita 1,25. To amma akwai wani mai kaurin milimita 12 ɗin nan wanda tazararsa 1,5 ce, akwai kuma bulon gama-gari mai 1,75 da ake ɗaure ƙofa da amalanke da shi. Motocin Honda da Volkswagen da dama kuwa nasu milimita 14 ne mai tazarar 1,5. Tsakanin 1,25 da 1,5 rubu'in milimita ne kacal, abin da idon mai tebur ba zai taɓa rarrabewa ba. Sai dai kowane zagaye ɗaya yana ƙara wannan rubu'in a kan na baya, ta yadda a zagaye biyar kuskuren ya cika haƙori guda. Shi ya sa baƙon bushon ke shiga da sauƙi da farko, sa'an nan ya cije. Cijewar nan gargaɗi ce. Wanda ya amsa ta da ƙarfi, to haƙoran ramin yake yankewa ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari abin da ke riƙe da murfin bai wuce ƴan ɓurɓushin ƙarfe ba.

Wannan ruɗani yana da asali. A shekarar 1841 wani injiniyan Ingila, Joseph Whitworth, ya fito da tsarin haƙora bai ɗaya bisa awon inci, daga baya Amurka ta tsara nata daban, Faransa da sauran Turai kuma suka bi awon mita. Mu nan ƙasar Hausa duk sun taru a kanmu: tsofaffin Land Rover da Bedford na Ingila, Berliet da Peugeot na Faransa, ga kuma na Japan da suka mamaye hanyoyin rairayi. Motocin sun mutu, ƙarafansu ba su mutu ba, suna nan a gwangwanin mai tebur suna jiran mai gaggawa. Bayan haka, tun da aka karya darajar kuɗin CFA da rabi a watan Janairun 1994, kayan asali suka ninka tsada, jama'a suka koma ga na araha. Ba a ce duk na araha mugu ne ba, akwai masu kyau a cikinsu. Amma akwai waɗanda aka ƙera da ƙarfe mai laushi, haƙoransu ba su fita sosai ba, fuskar da ke zama a kan rami kuma ba ta miƙe ba, an dai shafa masu ruwan ƙyalli domin su ja ido.

Akwai kuma abu na uku da yaron bai sa ba sam, wato ɗan zoben jan ƙarfe ko na alminiyo da makanikai ke kira juwan. Haƙoran bushon riƙewa kawai suke yi, zoben nan shi ke hana mai fita, domin in an ɗaure sai ya lotsa ya cike duk wata kafa. Da yake lotsawar sau ɗaya yake yin ta da kyau, masu ƙera motoci sun ce a sake shi a kowane juyen mai. Wanda bai sake shi ba zai ga ɗigo, in ya ga ɗigo sai ya ƙara ɗaurewa, ƙarin ɗaurewar kuma shi ke cinye haƙora. Alhali ɗaurin da ake bukata bai wuce abin da hannu ɗaya zai bayar da gajeren kile ba.

Washegari da asuba motar ta tashi da buhuna da mutane a kansu. Hanyar gargada ta yi ta girgiza ta, inji ya yi zafi, ƙarfe ya saki. Sun wuce rabin hanya sai karen mota, da ke zaune can bisa kaya, ya waiwaya ya ga wani baƙin layi yana bin su a kan rairayi kamar an ja shi da alƙalami. Ya yi ta dukan rufin mota yana ihu. A daidai lokacin jar fitilar mai ta kama a gaban direban, amma suna tsakiyar tudun rairayi, inda duk motar da ta tsaya sai an haƙo ta. Ya ce a ransa bari ya kai bisa tudu. Wannan ɗan jinkirin shi ya gama aiki. Baƙin mai shi ke shiga tsakanin ƙarafan da ke juyawa a cikin inji, ya raba su da shimfiɗar da ba ta kai kaurin gashi ba, in ya tsiyaye sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Kafin su kai bisa tudun injin ya yi wata irin ƙara, ya yi shiru.

Mata da yara suka sauka suka fake a inuwar wata aduwa. Wani malamin makaranta ya saɓa jakarsa ya kama hanya da ƙafa. Wani dattijo da aka sallamo daga likita ya kwanta a kan tabarma, ruwan jarka yana ƙarewa, har bayan la'asar da wata mota ta zo ta kwashe su. Direban kuwa ya bi baƙin layin nan da baya, yana tafe yana duban ƙasa, har ya tsinci bushon ɗin a cikin rairayi, haƙoransa cike da zaren ƙarfen da ya yanko daga jikin motar.

Aka jawo motar Gure, aka sauke injin aka kai Damagaram. Mako biyar tana kan duwatsu, a tsakiyar kaka, lokacin da mai mota ke samun abin da zai ci shekara. Kuɗin gyara ya lashe abin da Alhaji ya tanada domin sayen wake. Sai rigima ta tashi: Alhaji ya ce direba, direba ya ce gareji, maigidan gareji ya ce mai tebur, mai tebur ya ce shi abin da aka nuna masa ya bayar. Da aka zauna gaban manyan tasha, an so a ɗora laifin duka a kan yaron, da yake shi ne marar gata a wurin. Direban ya miƙe ya ce: "Alhaji, a bar yaron nan. Ya faɗa mini abin ya yi tauri, ni na ce ya ƙara ƙarfi. In akwai biya, a cire a albashina." Wurin ya yi tsit. Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce: "Malam, shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa ɓoye mini dala ba. Mu raba asarar."

Maigidan garejin, tsoho ne da ya koyi aiki tun zamanin Berliet, shi ya gyara ramin: ya faɗaɗa shi, ya yanka sababbin haƙora, ya zaunar da wani zoben ƙarfe a ciki yadda bushon na asali zai koma mazauninsa. Yana aikin yana yi wa yaransa karatu. Ya ce ba a sayen bushon da ido, sai a haɗa haƙoran sabo da na tsoho a ɗaga su sama, in haske ya ratsa tsakaninsu to ba ƴan gida ɗaya ba ne. Ya ce da yatsu ake fara murɗawa har kai ya kusa zama, kile na ƙarshe ne kawai, kuma wanda ya ƙi shiga da yatsu ba na wurin ba ne. Ya ce in juwan na jan ƙarfe ne kuma babu sabo a daji, a gasa shi a wuta har ya yi ja, zai yi laushi ya fid da mutum kunya sau ɗaya. Ya ce bayan an zuba mai a bar inji ya yi zafi, a sake leƙawa, washegari ma a duba ƙasar da mota ta kwana. Daga ƙarshe ya ce in jar fitila ta kama, a kashe inji nan take, ko a tsakiyar rairayi ne, domin haƙo mota aikin yini ne, tada mataccen inji kuwa aikin wata.

Wannan karatu bai tsaya ga ƴan gareji ba. Ɗan kasuwar da ke saro kaya, in ya ware su bisa awo ya rubuta lambar kowane a jikin leda, bai yi asarar komi ba, sai ma amana da ya saya. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar gyaran motar ofis ko motar ɗaukar marasa lafiya, ya kan ƙirga litar mai da matata, amma da wuya ya tambayi ko an sake zoben da kuɗinsa bai kai na goro ba. Ga shi kuwa motar da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauyukan Kutus zuwa Gure, lafiyarta duka tana rataye da haƙora biyar ko shida na ɗan ƙarfen nan.

Motar ta koma hanya. Yaron yana nan a garejin, an ce yanzu ko maigidansa ne ya ce ya ƙara ƙarfi sai ya fara warwarewa ya duba. Direban kuwa ya sayi bushon na asali guda biyu a Damagaram, ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin makulli, da ƴan zobba a cikin gwangwanin ashana. In abokan tasha suka tsokane shi suka ce Malam ya yi laya, sai ya yi murmushi ya ce ai kuwa laya ce, kuma ya saye ta da tsada. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya.