Igiya Uku Da Anini Ɗaya

A Kafanchan, kusa da tashar jirgin ƙasa, akwai wani tsohon soja wanda ya shiga aiki ta Defo na Zariya yana saurayi, ya yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ya sauka da igiya uku, wato saje. Har yau igiyoyin nan suna nan cikin wani gwangwani ƙarƙashin gadonsa.

Shi ya koya wa jikansa karatun kafaɗa tun yaron bai iya karatun boko ba. Ya ce ƙaramin soja a hannun riga ake duba shi: igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje. Hafsa kuwa a kafaɗa. Tauraron nan da ake kira anini ya samo sunansa daga tsohon kuɗin Turawa mai huji da zanen tauraro. Anini ɗaya ƙaramin laftana, biyu laftana, uku kyaftin. Daga nan sai mikiya, alamar manjo, wadda ta maye gurbin kambin Sarauniyar Ingila bayan Nijeriya ta zama jamhuriya a 1963. Mikiya da anini ɗaya laftanar kanar, da biyu kanar, da uku birgediya. In aka ga takobi da sanda sun gicce, to an kai ga janar.

Kudancin Kaduna kuwa ba baƙon wannan takobi ba ne. Janar Martin Luther Agwai ya shugabanci sojan ƙasa daga 2003 zuwa 2006, Laftanar Janar Luka Yusuf ya riƙe wannan kujera daga 2007 zuwa 2008. Tsohon yakan lissafa su da yatsa, sa'an nan ya ƙara da sunayen kurata abokansa waɗanda suka kwanta a fagen fama ba su ɗaura ko igiya ɗaya ba.

Kwanci tashi yaron ya gama Kwalejin Horon Hafsoshi ta Kaduna, ya iso gida da anini ɗaya yana ƙyalli. Nan fa magana ta tsaya. A dokar soja, saje ko ya shekara talatin yana aiki, shi ke sara wa mai anini ɗaya, don ba mutum ake sara wa ba, ikon da ƙasa ta ɗora masa ake girmamawa. A dokar gida kuwa, jika ke durƙusa wa kaka.

Tsohon ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya ƙame, ya sara. Yaron ya amsa hawaye na zuba, sa'an nan ya cire hula ya durƙusa, ya ce, "Kaka, na same ku lafiya?"

Tsohon ya ce, "Tashi, ranka ya daɗe. Mutum talatin za su ba ka, kowa da uwarsa. Ka nemi sajenka ka riƙa jin maganarsa, don shi ya san wanda bai ci abinci ba."