Bayan an naɗe tabarmin makoki

Ku da kuka tashi a gidajen yawa, masu zaure biyu da rijiya a tsakar gida, kun san yadda tsohuwa ke amsawa in an tambaye ta yawan 'ya'yanta. Sai ta ce, "Tara na haifa, huɗu sun koma," tana faɗa tana kaɗin audugarta, mazari bai daina juyawa ba. Baƙo ya ɗauka ta manta. Amma ranar da aka ɗaura auren wani saurayi a unguwa, za a ji ta ce da wane yana raye da tare za a yi musu, ai sa'anni ne, kwana kaɗan ne tsakaninsu. Shekara ashirin da rufe yaro, lissafin shekarunsa bai kuɓuce mata ba.

Mutuwar yara a wancan zamani ba baƙuwa ba ce. Ƙyanda ta ɗauka, zazzaɓin damina ya ɗauka, sanƙarau ya zo da bazara ya ɗauki nasa, har uwar da ta gaji da binnewa ta sa wa na gaba Ajuji ko Barmani. Waɗannan cututtukan cikin kwanaki suke gamawa. Akwai kuma wani ciwon mai jan rai: yaro yana wasansa sai muƙamuƙi ya fara kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ido ya turo waje, ko ciki ya ɗaure kamar dutse. Wasu su ce daji ne, wasu su ce sammu, wasu iska. Wanzami ya tsaga, a shafa saiwa, a yi hayaƙi, a sha rubutu, kowa kuma yana gargaɗin kada a kai asibiti, wai daji ba ya son allura. Alhali tun 1958 wani likita, Denis Burkitt, ya yi bayanin wannan kumburin muƙamuƙi a yaran da yake dubawa a Kampala, ba a daɗe ba kuma aka gano cewa magani na narkar da shi in an zo da wuri. Labarin bai iso ƙauyukanmu kan lokaci ba. Mai cewa da ta fi yanzu a komai, ya tuna da waɗannan yaran.

Abin da mutanen wancan zamani suka iya shi ne riƙon wadda aka yi wa mutuwa. Da zarar maza sun ɗauki ɗan likkafanin a hannu sun nufi maƙabarta, gidan ya zama na unguwa: ba a hura wuta, kwanuka na shigowa daga maƙwabta, kishiya ta karɓi girki ko da jiya ba sa ga maciji, goggo ta taso daga ƙauye da ƙullin kayanta ta shimfiɗa tabarma a ɗakin ta ce ba inda za ta sai an yi arba'in, a yi gumbar uku, a yi ta bakwai, a rarraba 'yan rigunan yaron sadaka, da dare kuma wata tsohuwar da ta binne nata ta zo ta zauna kusa da ita, ba wa'azi ba dogon zance, sai dai can ta ce, "Tashi ki sha kunun nan." Tsarin yana da nasa zafin. In ɗan fari ne, alkunya ba ta barin uwa ta ambaci sunansa, balle ta yi kuka gaban surukai. Amma ba a barin ta ita kaɗai da bango.

Yau ta'aziyya saƙon waya ce.

Wancan ciwon mai jan rai yanzu ya samu suna, ya samu kati da fayil. Iyaye sun san hanyar Shika, sun san Asibitin Malam Aminu Kano, sun san na Sakkwato da na Maiduguri. Uwar da ba ta gama firamare ba, yanzu ta iya karanta sakamakon gwajin jini a fuskar likita, ta san ranar ƙarin jini, ta san allurar da ke zubar da suma ta hana cin abinci. Wata da watanni tana kwana a tabarma gefen gado, uban yana sayar da bijimi, sannan gona, sannan gwal ɗin ɗakinta, daga ƙarshe a sa hoton yaron a Facebook da lambar asusu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan yara 400,000 ke kamuwa da kansa duk shekara; a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu ba su kai 30 ba. Kenan uwar yau tana ɗauke da wani nauyi da kakarta ba ta sani ba: ta ji cewa a wani wuri ana warkewa. "Da mun zo da wuri" ita ce maganar da ke hana ta barci.

Ranar uku ake kwashe rumfa da kujerun haya. Kowa ya koma aikinsa, a ja ƙofar gida a rufe, maigida ya fita neman abin biyan bashin da ya rage, don shi ba wanda ke tambayarsa ya haƙuri bayan mako guda. Ita kuwa ga ledar magunguna a saman durowa, ga rasit, ga bidiyon yaron a waya yana dariya da kansa ƙwal, muryarsa na nan ko yaushe ta taɓa. Kakanninmu ba su da hoto ko ɗaya, sai abin da ƙwaƙwalwa ta riƙe, shi ma yana dusashewa a hankali. Na yanzu ba ya dusashewa. Bayan wata shida in aka ga idonta ya yi ja, sai wata ta ce, "Haba Maman wane, har yanzu? Ki yi tawakkali mana." Ai ta yi. Ta yi salati tun a bakin gadon asibiti, ta ce Allah ya sa mai ceto ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ba wanda ya ce tawakkalinsa ya ragu.

Ku matasa, abu biyu nake so ku ɗauka. Na farko daga zamaninku: kumburin da ya ƙi sacewa, farin ɗigo a baƙin idon jariri, zazzaɓi da rama da ƙarancin jinin da suka ƙi jin magani, a kai asibiti a duba, kada a tsaya jiran mai saiwa. Na biyu daga namu: makoki na ƙarewa a tabarma, ba ya ƙarewa a uwa. Ranar uku kowa na zuwa, har wanda ba a sani ba. Ku zama masu zuwa bayan arba'in, da ranar Sallah da sa'anninsa suka sa sababbin kaya, da shekarar da ajinsu ya yi sauka. In tana son zancensa, ku saurara. In ba ta so, ku ɗauki tsintsiya ko ku riƙe mata ƙaninsa. Ku tsaya a majalisa ku gaisa da uban, ku tambaye shi nawa ya rage a bashin.